Takalmin da Bai Ciji Mai Shi Ba

Na haura shekara ashirin ina sayar da takalman gwanjo a Funtua, amma ranar da ba ta fita a raina ita ce ranar da Malam Habibu ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Alhaji Sabi'u, takalmin Baba fa ya yi daidai. Ko ƙorafi ɗaya bai yi ba." Shi da murna ya faɗa. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku saurara ku ji abin da ya sa albishir irin wannan yake tayar wa mai takalma hankali.

Bari in fara da yadda aikin ya zo hannuna. Akwai wasu magidanta a garin nan da suke fita tattaki duk safiyar Asabar. Yawancinsu likita ne ya koro su titi saboda hawan jini ko suga: dillalan masara, masu sayar da taki, da 'yan malaman makaranta. Tun suna zagaye gari har suka fara hawa duwatsun da ke bayan gari. Da ƙafa ta saba, sai rai ya nemi abin da ya fi haka. Shugabansu, Alhaji Ado mai taki, ya kawo shawarar a tafi gandun dajin gwamnatin tarayya da ke tsaunukan Taraba, can wajen iyakar Kamaru, a hau dutsen da ya fi kowanne tsawo. Suka tsayar da ƙarshen Disamba. Lokacin an gama kaka, amfani ya shiga rumbu, ruwa kuma ya ɗauke a can, hanya ta bushe. Aibin lokacin guda ne: tsakiyar sanyi ne, kuma sanyin kan tsaunukan nan ba irin namu ba ne.

Ma'aikatan gandun suka aiko da sharaɗinsu. Kowa ya zo da takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, wanda ƙasansa ba ya santsi, da safa mai kauri, da rigar sanyi, da hula, da safar hannu, da bargo. Wanda ya zo da silifas ko fade, a bakin ƙofa zai tsaya. A tsakiyar Oktoba Alhaji Ado ya same ni a shago.

"Kai ka san kan takalmi," in ji shi. "Ka haɗa mana kaya, daga ƙafa har ka."

Na ce na karɓa, amma a tafi da ni. Ba son yawo ya sa ba. Shekara da shekaru ina sayar wa masu gadi da mafarauta da 'yan acaɓa irin takalman nan, ban taɓa ganinsu a kan aikin da aka yi su dominsa ba. Ɗan kasuwar da bai san iyakar ƙarfin kayansa ba, da ka yake ciniki.

Ga wanda bai san harkar ba, rigunan sanyi a ɗaure suke zuwa cikin dila, takalma kuwa cikin manyan buhuna, kuma ba ka sanin abin da ka saya sai ka kwance. Na tafi Kano na kwaso, na dawo na zube a tsakar shago na yi ta tsincewa. Takalmin hawan dutse ba da ido ake zaɓensa ba. Wani sai ka gan shi fes, amma ƙasansa ya mutu a ajiye, ana fara tafiya ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Don haka kowanne sai na lanƙwasa shi da hannu biyu, na danna farce a ƙasan, na leƙa ɗinkin. Wanda gam kaɗai ya riƙe shi, na jefa gefe. Awo kuma ba na yin sa da safe. Sai bayan la'asar, lokacin ƙafa ta sha yini ta kumbura, mutum ya sa safar da zai tafi da ita, ya tsaya a kan kwali in zana sawunsa. In ya sa takalmin, yatsana ɗaya ya iya shiga bayan dunduniyarsa. In babu wannan sararin, a gangara yatsu za su yi ta dukan gaban takalmi har farce ya fita.

Kowa ya samu nasa ba wahala, sai mutum ɗaya: Baba Alhaji Mamman na garin Ƙarfi, mahaifin Malam Habibu.

Baba Mamman aminin marigayi mahaifina ne, tare suka riƙa kai auduga ma'auna da jakuna tun ba a haife ni ba. Ya haura saba'in. Tun da Hajiyarsa ta rasu 'ya'yansa suka zaunar da shi. Suka karɓe makullin babur ɗinsa, suka ce daga damina mai zuwa za a ba da gonar haya, shi ya huta. Malam Habibu, babban ɗansa, yana koyarwa a sakandare nan Funtua, kuma shi ne sakataren masu tattakin. A bakinsa Baba ya ji zancen tafiyar, ya ce da shi za a je. Aka yi lallashi, aka kira ƙannensa, aka kira liman, bai motsa ba. Daga ƙarshe shi ya yanke maganar a gaban kowa.

"In na hau dutsen nan da ƙafata na sauko da ƙafata, kada wanda ya ƙara yi mini zancen barin gona. In na kasa, ku yi yadda kuka ga dama da ita."

Malam Habibu ya ce ya yarda, amma ranar tashi shi da kansa zai duba ƙafar Baba. In akwai ciwo ko ɗan ƙanƙane, Baba ba ya shiga mota. Kun ga ke nan gonar mutum guda ta rataya a kan takalmin da zan ba shi.

Ƙafar kuwa ba irin wadda Bature yake yi wa takalmi ba ce. Faɗi kamar faifai, yatsu a warwatse kowanne da hanyarsa, faso a dunduniya har kana iya sa tsinke. Tun da aka haife shi bai taɓa sa sau-ciki ba, ko Makka da fade ya je. Da na zana sawun a kwali, Alhaji Ado ya leƙo ya ce, "Sabi'u, raƙumi kuma za mu tafi da shi?" Baba ya ce, "Raƙumi dai ya san hanyar sahara. Kai da wannan tumbin, mu ga yadda za ka kai shi sama."

Na zazzage buhuna duka ban samu wanda ya shige shi ba, sai a gindin na ƙarshe. Nan na ci karo da abin da muke kira tsintuwa: takalmi sabo fil, ba a taɓa sa shi ba, takardarsa ma na rataye. Fata mai kauri, launin zuma, lamba arba'in da shida, mai faɗin gaba. Baba ya zura ƙafa ta zauna daram. Ya dube shi, ya shafa shi kamar an miƙa masa jariri. Sannan ya ɗago.

"To wannan igiyar fa? Sau biyar a rana zan riƙa kwancewa ina wanke ƙafa a cikin sanyin da kuke faɗa?"

Gaskiya ya fi mu hangen nesa a nan. Na kai kwalin sawunsa wurin wani baduku a Malumfashi ya ɗinka masa huffi, wato safar fata mai rufe idon sawu. In mutum ya sa ta da cikakkiyar alwala, daga baya shafa kawai zai riƙa yi a kanta, kuma liman ya tabbatar masa da hukuncin. Na yi wa sauran tayin a ɗinka musu, suka ce su ba tsofaffi ba ne. Na haɗa wa Baba takalmi da huffi da safa, na ce, "Baba, daga yau kullum a ƙafarka zai yini. Gona, masallaci, kasuwa, ko'ina." Ya ce ya ji.

To a tsakiyar Nuwamba ne Malam Habibu ya kawo mini wancan albishir. Ku duba lissafin da na yi. Duk sauran mutanen, gwanjo na gaske na ba su, wanda wani ya riga ya sa a ƙasarsu ya karya masa taurin kai, amma duk da haka babu wanda bai dawo da ƙorafi ba. Alhaji Ado sau biyu yana zuwa yana ɗingishi. Yaya za a yi sabuwar fata mai tauri kamar ƙirgi ta haɗu da ƙafar da ba ta taɓa sanin takalmi ba, a ce an zauna lafiya? Sabon takalmin da bai ciji mai shi ba, ba a sa shi ba ne. Kuma in bai cije shi a Ƙarfi ba, a kan dutse zai cije shi, inda babu kemis, babu baduku, babu komawa.

Washegari da hantsi na ɗaure gwangwanin man kaɗe a bayan babur na kama hanyar Ƙarfi. Dama da shi nake shafe takalman kowa don kada raɓa da ruwan rafi su shiga.

Na tarar da Baba a zaure a kan buzu yana ɓarar gyaɗa, tsohon fadensa na taya a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa zancen kaka da farashin waken soya. Sannan na ce, "Baba, ina takalmin?"

"Yana nan lafiya lau."

"Ina so in gan shi."

Ya shiga ciki ya jima. Na ji ƙarar buɗe akwatin ƙarfe. Ya fito da shi a naɗe cikin zanen marigayiya Hajiya, yana ƙamshin turare da kafur. Na juya ƙasansa. Ko ƙwayar yashi babu, tuwo ma ka iya ci a kai.

"Baba, ba mun yi da kai kullum za ka sa ba?"

"Ka faɗa, na ce na ji. Ban ce na yarda ba. Kai Sabi'u, a gidanku tun goma ga azumi ake sa kayan Sallah? Kayan tafiya ranar tafiya ake fito da su. In shiga gona da wannan, in tashi zuwa garin mutane da tsohon takalmi, su ce mutanen Ƙarfi ba su san mutunci ba?"

Na yi masa bayanin cizon takalmi. Ya ɗago tafin ƙafarsa ya ƙwanƙwasa da yatsa. "Ƙaya ma a nan karyewa take yi." Gaskiya ne, amma takalmi ba tafin ƙafa yake cizo ba. Bayan dunduniya yake nema, wajen agara, da saman yatsu, inda fatar manomi ma laushi gare ta kamar ta jinjiri. Na faɗa masa, ya ce in bar shi da ƙafarsa, tare suka tsufa.

Nan na gane gardama ba za ta yi ba. Ba taurin kai ba ne kawai. Haka aka rene shi, haka ni ma aka rene ni: sabon abu mutunci ne, adana shi ake yi sai ranarsa. Muddin takalmin nan yana ƙyalli, akwati ne mazauninsa. To sai dai ƙyallin ya tafi.

Na ce, "Shi ke nan Baba, yadda ka ce. Amma bari in yi masa abin da na yi wa na kowa, saboda ruwa." Ya ce bisimilla. Na fita bakin zaure inda rana take, na bar man ya narke, na ɗebo da hannu na shiga shafawa. Ban yi masa rowa ba. Na cusa a ɗinki, na murza a harshen takalmin, na dulmuya dunduniya. Kafin Baba ya gama ɓare gyaɗar da ke gabansa, launin zuman nan ya koma kamar gindin tukunya. Ya leƙo, ya saki salati.

"Sabi'u! Me ka yi haka?"

"Maganin ruwa ne, Baba."

"Maganin ruwa ko kashe kaya? Ɗazu kamar na gwamna, yanzu kamar na mai haƙar rijiya!"

Ya fizge shi ya fara naɗewa a zanen. Na ce, "Baba, kada ka mayar da shi akwati. Man zai yi naso a shaddodinka. Kuma ka san ɓera da kiyashi da man kaɗe."

Ya tsaya da zanen a hannu. "To ina zan ajiye shi?"

"Wuri ɗaya na sani da ɓera ba ya zuwa da rana, Baba. Ƙafarka. Da dare ka rataye shi a ƙusa."

Ya dube ni. Ban yi masa ƙarya ko guda ba, kuma ya sani. Can ya ce, "Ubanka ma haka yake, Allah ya jiƙansa. Ya sayar maka da jaki, ka koma gida kana yi masa godiya. Tashi ka ba ni wuri, ɗan gwanjo kawai." Ranar ko rakiya bai yi mini ba, kuma wanda ya san Baba ya san wannan ba ƙaramin fushi ba ne. Na hau babur zuciyata ba daɗi, don ɓata wa aminin uba rai ba abin wasa ba ne. Amma na fi son ya yi fushi da ni a zaurensa da a sauko da shi daga dutse a kafaɗa.

Tun da abin ya riga ya lalace a ganinsa, sai ya fara sawa. Aka ga Baba Mamman da babbar riga da rawani da takalmin soja yana ratsa gari. Mutanen Ƙarfi suka sa masa Kofur. Masu shayi suna ganinsa sai su ƙame su sara masa. Kwanakin farko yana zaginsu, daga baya ya fara karɓar gaisuwar da sandarsa. Ya shiga ɗibar auduga da shi, ya yi ta haye kunyoyi, ya gangara fadama, ranar kasuwa ya ƙi hawa mota ya tafi da ƙafa.

A farkon Disamba wayata ta yi ƙara. Malam Habibu ne, ko sallamar kirki babu.

"Alhaji Sabi'u, ka ga abin da ka jawo? Na je gida na tarar da Baba yana alwala a ɓoye bayan rumbu. Bayan dunduniyarsa ya yi bororo har ya fashe. Ɓoye mini yake yi."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Me ka ce?"

"Na ce alhamdu lillahi, Malam. Yanzu mun san inda yake cizo, kuma muna da sauran lokaci. Da a akwati yake har yau, wannan ciwon a kan dutse za ka gan shi."

"Ni dai sharaɗina yana nan. In na ga ciwo ranar tashi, ba ya tafiya."

"Ban ce ka janye ba. Ka dai bar ni in yi aikina."

Ba na ganin laifin Malam Habibu. Ya binne uwa, ba ya son ya binne uba a garin da bai san kowa ba. Na je Ƙarfi, muka kai Baba kemis aka wanke ciwon aka rufe, ya koma fadensa na 'yan kwanaki. Takalmin kuma na kai wa badukun nan na Malumfashi. Ya ɗora bayan dunduniyar a kan gungume ya yi ta bugu da guduma har taurin ya saki, sannan ya liƙa fatar tunkiya mai laushi daga ciki ya ɗinke. Da ciwon ya kame, Baba ya koma sawa, da farko zuwa masallaci kawai, sannan gona, sannan yini guda. Ban ƙara roƙonsa ba. Shi ne ma yake aiko mini da saƙo wai man ya bushe, a ƙaro.

Ranar tashi, bayan asuba, Malam Habibu ya durƙusa a gaban mahaifinsa a zauren Alhaji Ado, ya cire masa safa. Inda ciwon yake ya zama kanta, baƙa, mai tauri. Ya danna, ya sake dannawa, ya leƙa tsakanin yatsu.

"Duba da kyau, malamin makaranta," in ji Baba. "Kada gobe ka ce na yi satar amsa."

Malam Habibu ya miƙe ya ce, "Babu ciwo." Baba ya riga kowa shiga mota, ya zauna gaba.

Kayan kowa ni na shirya su a jakar goyo. Mai nauyi yana jikin baya, bargo a ƙasa, busasshiyar safa a ƙulle cikin leda, rigar ruwa a sama inda hannu zai kai da sauri. Na hana su dogara da ƙatuwar riga guda. Gara marasa kauri biyu ko uku, in jiki ya ɗau zafi a rage, in iska ta taso a ƙara. Babbar riga kuwa na ce ta jira mu a mota.

Tafiya ce mai nisa, sai da muka kwana a hanya. A ofishin gandun, babban jami'in sintiri ya jera mu yana duba mu ɗaya bayan ɗaya, wani gajere mai kaki, Hausarsa da gardin Fulatanci. Shi ke da ikon cewa wane ya hau, wane ya tsaya. Da ya zo kan Baba, ko tambaya bai yi ba.

"Wannan dattijon zai jira ku a masauki."

Na ga Baba ya ƙara damƙe sandarsa. Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga furfurarsa. Don Allah ka ga ƙafarsa ma, sannan ka yanke."

Ya harare ni, amma ya tsuguna. Ya ga inda fatar ta karye ta bi lanƙwasar yatsu, ya ga gefen ƙasan ya ɗan cinye, ya zaro wani ɗan zaren auduga da ya maƙale a igiya. Ya dubi na sauran, ya dawo kan na Baba.

"Wannan takalmin ya san mai shi," in ji shi. "Baba, ina ka je da shi haka?"

"Gona. Da kasuwa. Da duk inda yaran nan suka ce ba zan iya zuwa ba."

Jami'in ya yi dariya ya ce ya amince, amma ɗan jagoran da zai ba mu yana da ikon mayar da Baba duk inda ya ga alamar gazawa, kuma babu musu.

Sanyin wurin nan, duk abin da aka faɗa mana bai kai ba. Da safe ciyawa jiƙe take sharkaf da raɓa mai cizo, kowa yana magana hayaƙi na fita a bakinsa. Mun ratsa rafuffuka, mun bi ciyawa mai kai gwiwa, ƙafar kowa a bushe, man kaɗe ya yi aikinsa. Lokacin salla kuwa sai ka ga magidanta a bakin rafi suna tsoma ƙafa suna ihu kamar an ɗora musu garwashi. Baba ya zare takalmi, ya shafa a kan huffinsa, ya mayar, ya zauna yana jan carbi yana kallonsu. Alhaji Ado ya zo yana rawar ɗari ya ce, "Baba, ka ara mini na salla ɗaya mana." Baba ya ce, "Na raƙumi ne, ba zai yi maka ba."

A ranar hawan ƙarshe, ana ganin ƙololuwar dutsen kamar ka miƙa hannu, Baba ya zauna a kan wani dutse ya sunkuyar da kai. Kowa ya tsaya. Malam Habibu ya zo yana haki, ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, ya isa haka. Wallahi ka yi abin da ba wanda ya zata. Mu koma."

Ɗan jagoran ya matso yana dubansa, na san kalma ɗaya ta rage ya furta. Na ce a ba ni dama. Na kwance takalmin, na cire huffi da safa. Ƙafar da ɗuminta, a bushe, babu ja, babu kumburi. Na nuna wa ɗan jagora, na ce, "Ta nan dai babu matsala. Sauran kai ka fi ni sani." Ya kama hannun Baba, ya sa shi ya yi magana, ya dubi idonsa, ya ce numfashi ne kawai, iskar sama ce, a ba shi lokaci.

Baba ya ɗago ya dubi ɗansa. "Habibu, ka taɓa ganin na kai ƙarshen kunya ban tsaya na miƙe baya ba? Hutu daban, sallama daban. Ba ni shayin nan."

Ya sha, ya ci dabino, na ɗaure masa igiya da kaina. Ya dafa sanda ya tashi. Taku kaɗan, tsayawa, taku kaɗan. Ba zan ɓoye muku ba, ni da na sayar da takalman a bayansa nake, ƙirjina kamar ana sussuka a ciki. Da muka fito sarari, sai ga gajimare a ƙarƙashinmu, tsaunuka jere har cikin Kamaru. Baba ya tsaya a kan ƙololuwar, iska tana kaɗa masa gemu, ya yi kabbara, mu duka muka amsa. Malam Habibu ya juya baya yana goge ido da hular sanyi, wai iska ce.

Aka jeru za a ɗauki hoto. Baba ya dubi ƙafafunsa, baƙi ƙirin da mai da taɓo, ya dube ni.

"Ka gani ko, ɗan gwanjo? Da ka bar mini shi da ƙyallinsa, da hoton nan ya fi kyau."

Saukowa ta fi hawa cin ƙafa, amma sararin yatsan nan da na bari ya cece mu, ba wanda ya rasa farce. Baba ya sauko da ƙafarsa har bakin mota. Tun kafin direba ya tayar, Malam Habibu ya laluba aljihun jakarsa ya fito da makullin babur, ya miƙa da hannu biyu. Ashe da shi ya taho. Da damina ta faɗi, Kofur Mamman da kansa ya tsaya a kan shukar masararsa, kuma kun san abin da ke ƙafarsa.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi nake so ku riƙe. Mutanenmu suna girmama sabon abu, kuma ba za ka raba su da wannan da surutu ba, bai ma kamata ka yi ƙoƙari ba. Kai dai ka san inda halin zai cuce su, ka tare wurin. Tun daga lokacin, takalmin aiki ko na tafiya ba ya barin shagona da ƙyallinsa. A gaban mai shi nake shafe shi, ya yi fushinsa ya gama. Bayan mako kuma ina kiransa in tambaya ko ya cije shi. In ya ce ya cije, in ce ya kawo a gyara. In ya ce lafiya lau, ko ƙorafi babu, to in ɗaure gwangwani a bayan babur.